Renon Kariya a Gida: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Na daɗe ina renon furanni a bayan gida, ina kuma sayar da 'yan kaɗan ga maƙwabta da waɗanda labari ya kai musu. A cikin duk abin da ke wurina babu wanda ake dawo mini da ƙorafi a kansa kamar kariya, alhali kuwa ita ce mafi sauƙin hali a cikinsu. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, sai na ce bari in tattara su wuri guda in amsa, wanda ya sake tambaya in turo shi nan.

Wai ita kariyar nan ita ce adeniyom ɗin da masu sayar da fure ke faɗa?

Ita ce. Masana tsirrai suna kiranta Adenium obesum, Turawa kuma suna yi mata laƙabi da wardin hamada, ko da yake ba ta haɗa komai da wardi ba. Danginta na kusa su ne tumfafiya da wata shukar ado da ake kira oliyanda. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan tumfafiya ya fashe, iska ta kwashi irin mai gashi-gashi, zai gane zumuncin ranar da ya ga kwanson kariya ya buɗe.

Ƙaramar bishiya ce mai ƙaton gindi kamar tulu, rassanta masu kauri da taushi, ganyen kuma a can ƙarshen reshe yake taruwa. Furen kamar bakin kakaki yake, mai kunne biyar, gefensa ja ko ruwan hoda, cikinsa fari-fari. A ƙasa takan kai mita biyu zuwa uku in ta samu shekaru, a tukunya kuwa da wuya ta wuce ƙugun mutum. Wancan gindin shi ne randarta, a nan take adana ruwan da za ta ci rani da shi. Wanda ya riƙe wannan magana ɗaya, rabin tambayoyin da ke ƙasa ya riga ya amsa wa kansa.

Daga ƙasar waje aka kawo ta?

Wannan tambaya takan ba ni dariya, takan kuma ɗan sosa mini rai. Kariya 'yar gida ce. Tana fitowa da kanta a dajin Sahel tun daga Senegal da Muritaniya, ta ratso ta Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta kuma tsallaka zuwa Yaman da Oman da kudancin Saudiyya. A gidan kakata akwai wata a jikin danga wadda ban taɓa ganin an zuba mata ruwa ba, amma duk rani sai ta yi fure har ka rasa ganin reshe.

Sunan boko ne ya zo daga waje. Wani masanin tsirrai ɗan Suwidin mai suna Peter Forsskål ya gan ta a Yaman a cikin ayarin binciken da Sarkin Danmak ya tura ƙasar Larabawa. Bai dawo gida ba, a can ya rasu a 1763, sai a 1775 aka buga rubutunsa. A 1819 aka raɗa wa jinsin suna Adenium, daga sunan birnin Adan na Yaman. Kalmar obesum kuwa ma'anarta mai ƙiba.

Abin da ake kawowa daga waje su ne sababbin launuka. Manoman fure a Tailan da Taiwan da Indiya sun shafe shekaru suna haɗa iri, har suka fitar da mai fure ninki biyu da ninki uku, da ja mai duhu kamar zoɓo, da fari tas, da rawaya-rawaya, da mai zane. Su ne ake shigowa da su a sayar mana da tsada. Ba laifi ba ne, sun yi aiki sun ci riba, amma dai a san cewa tushen abin na nan bayan gari.

Malam, an ce guba ce. Da yara a gidana da awaki, in ajiye ta?

Guba ce, kada wani ya ce maka ba haka ba. Daga saiwa har fure, ruwan jikinta yana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya. Maharba a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna dafa ruwanta su shafa a kan kibiya, masunta kuma suna daka ta su zuba a kududdufi kifi ya taso. Saboda haka in kana da tafkin kiwon tarwaɗa, kada ka zubar da rassan da ka datse kusa da shi.

Sai dai taɓa ganye ko shinshina fure ba ya yin komai. Haɗarin yana wajen ci, da kuma ruwan in ya shiga ido ko ciwo. Tana da ɗaci ƙwarai, shi ya sa dabba ba ta cika kula ta ba, amma akuyar da ta kwana da yunwa a watan Afirilu ba ta da amana, haka ma yaro mai rarrafe da komai sai ya kai baki. Ɗora tukunyar a kan dakali mai tsawo ko wurin da aka killace. In za ka yanka, sa safar hannu ko ka ɗaura leda, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, wuƙar kuma kada ta koma madafa. Wanda ruwan ya faɗa wa a ido ya wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci. In kuwa yaro ya tauna ya haɗiye, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru. A tafi asibiti nan take, a tafi da guntun reshen don likita ya san da me yake fama.

Ana kuma tambayata ko tana magani. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya kai ta bakinsa, ko jiƙo ko dafawa.

Wace irin ƙasa take so?

Wadda ruwa ba ya kwana a cikinta. Baƙar ƙasar fadama da masu lambun fure ke cika leda da ita tana da kyau ga ayaba da gwanda, amma ga kariya kabari ce. Haɗin da nake yi shi ne kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, irin na magina, kwano ɗaya na ƙasar jigawa, kwano ɗaya na gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa, sai rabin kwano na takin awaki da ya shekara ya zama gari. In akwai buntun shinkafa da aka babbake, yakan maye gurbin gawayin.

Gwajin ba wuya. Jiƙa haɗin, ka damƙa a hannu, ka buɗe. In ya watse, ya yi. In ya tsaya dunƙule kamar curin fura, ƙara yashi. Bayan ka dasa kuma, zuba ruwa kofi ɗaya ka duba: ya kamata kafin ka juya ya fara fita ta ƙasa.

Tukunyar roba ko ta ƙasa?

Ta ƙasa, wadda ba a shafa mata fenti ba, domin tana numfashi, ruwa yana fita ta jikinta kamar yadda randa ke tsatsafo. Mai faɗi marar zurfi irin kasko ta fi, saboda saiwar ta bazu gefe gindin ya yi faɗi. Ta roba ma tana yi in an huda ta da kyau, sai dai baƙar roba a ranar Maris tana dafa saiwa. Ko wace iri ce, huda uku ko huɗu masu faɗin yatsa, a kuma ɗora ta kan bulo ko duwatsu don kada hudar ta toshe. Kada ka sa faranti a ƙarƙashi. Kada kuma ka sa ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya don kana mata fatan girma. Ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe danshi, danshin ne ke jawo ruɓa.

Sau nawa zan ba ta ruwa?

A nan ake yin kisan. Mafi yawan kariyar da aka kawo mini a mace, ƙauna ce ta kashe ta: an saye ta da tsada, ana ji da ita, kowa a gidan in ya wuce da buta sai ya tsiyaya mata. Uwargida ta ba ta da safe, yara su ba ta da yamma, maigida in ya gama alwala ya juye mata sauran.

Ba a ƙirga mata kwana, ƙasar ake tambaya. Tura yatsa har gaɓa biyu, ko ka soka tsinken tsire har ƙasan tukunya ka zaro. In ya fito da danshi, bar ta. In ya fito a bushe, ba ta ruwa sosai har ya zubo ta huda, sannan ka manta da ita har ta sake bushewa. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum ya fi komai illa.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai intaha kuma tana toho tana fure, a ƙaramar tukunyar ƙasa takan buƙaci ruwa duk bayan kwana biyu ko uku. Mutane sukan yi mamaki in na faɗi haka, sun ɗauka ba ta shan ruwa sam. Tana sha ƙwarai in akwai zafi da rana. Abin da ba ta jurewa shi ne jiƙa tare da sanyi, ko jiƙa babu rana. Shi ya sa da hunturu, Disamba da Janairu, sau ɗaya a mako biyu ya isa, in ta zubar da ganye duka ma sai ka ƙara ja baya.

Damina kuwa ka ajiye butarka. Ni kaina a nan na sha kashi. Wata shekara na samu tsirrai goma sha biyu masu kyau, na jera su a gindin katanga daidai inda indararo ke zubowa, don a lokacin rani ne ban lura ba. Agusta ya zo da marka ta kwana huɗu ina can wajen biki a wani gari. Da na dawo ganye shar, har na yi hamdala. Bayan mako ɗaya na taɓa gindin ɗaya, yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓen tumatir. Bakwai suka tafi. Tun daga nan, da watan Yuli ya raba nake kwashe su zuwa ƙarƙashin baranda inda rana ke shiga amma ruwan sama ba ya dukansu kai tsaye, sai ƙarshen Satumba in fito da su.

Zan iya ajiye ta a falo?

Kwana biyu ko uku in ana biki, don baƙi su gani. Fiye da haka a'a. Tana son rana ta awa shida ko fiye a yini. A ɗaki rassan za su yi tsawo su sirance, ganye ya yi fari-fari, fure kuma sai dai a hoto. Sai dai in ka sayo ta daga wurin da aka rene ta a inuwa, kada ka jefa ta tsakar rana a rana ɗaya, ganyen da fatar gindin za su ƙone. Fara da ranar safe na mako guda, sannan ka riƙa matsar da ita.

Hunturu ya shigo, ganyen ya yi rawaya ya zube duka. Ta mutu ke nan?

Ba ta mutu ba, barci take. Haka take yi a daji: in iska ta bushe dare ya yi sanyi, sai ta sauke ganye ta zauna da abin da ke randarta. Matsa gindin da yatsa. In da tauri kamar ɗanyen dankali, lafiyarta ƙalau. Kuskuren da ake yi shi ne a ga ganye na zuba a ce ƙishi ne a ƙara ruwa, alhali shukar da ba ta da ganye ba ta da inda za ta fitar da ruwan. Sau da yawa ma a wannan tsiraicin ne take fara fitar da fure, reshe ba ganye ko ɗaya amma kansa ja wur, kuma a ganina lokacin ne ta fi kyau.

Sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita. A Kano ko Zinder wannan ba ya yawan faruwa sai 'yan darare, amma mutanen Jos da Mambila su riƙa shigar da ita rumfa da dare a tsakiyar ɗari, ƙasar kuma a bushe.

Gindin ya yi laushi. Me zan yi?

Laushi iri biyu ne, a rarrabe su tukuna. In gindin ya ɗan motse ko'ina daidai, ya yi tamoji, ƙasa kuma ta bushe ƙayau, ƙishi ne. Ba ta ruwa, cikin 'yan kwanaki za ta cika. In kuwa wuri ɗaya ne ya yi taɓo, launinsa ya koma rawaya ko baƙi, ƙasa da danshi, wani lokaci har da wari, to ruɓa ce, kuma ba ta jiran gobe.

Zare ta daga tukunya, wanke saiwar tas. Ƙona bakin wuƙa mai kaifi a wuta, ka bari ta huce, ka fara yanke ruɓaɓɓen wurin. Naman kariya mai lafiya fari ne kamar na rogo. Ci gaba da fiɗa har sai ba ka ganin ɗigon ruwan ƙasa ko ɗaya, ko da kuwa za ka cinye rabin gindin. A nan tausayi ba shi da amfani, ɗigo ɗaya da ka bari shi zai dawo da cutar. Goge wuƙar ka sake ƙona ta tsakanin yanka da yanka. In ka gama, barbaɗa garin farar wuta ko tokar murhu mai tsabta a kan ciwon, ka rataye shukar a inuwa inda iska ke kaɗawa, mako ɗaya zuwa kwana goma, har wurin ya bushe ya yi ɓawo. Za ka ga kamar ka yi mata rashin imani, tana lilo a igiya ba ƙasa ba ruwa, amma ba abin da zai same ta. Sannan ka dasa a sabon haɗi busasshe, kada ka ba ta ruwa sai bayan wani makon.

In ruɓar ta cinye gindin gaba ɗaya, yanke rassan da ke da lafiya ka dasa su, ko ka aura su a kan wata, wato ka ɗora su a kan gindin mai lafiya su manne.

Shekara biyu tana wurina, ganye kawai take yi. Ina furen?

Tambaya ta farko da nake yi ita ce a ina take zaune, kuma kusan kullum amsar ita ce gindin mangwaro ko lungun da rana ke leƙawa awa biyu. Sai na biyu, wane taki ake ba ta. Wanda ya zuba mata yuriya ya sayi ganye ne da kuɗinsa. Na uku, ko an taɓa datse ta, domin fure a bakin sabon reshe yake fitowa, shukar da ta miƙe sanda ɗaya kuwa baki ɗaya gare ta. In duk waɗannan daidai suke, to wataƙila yarinya ce. Wadda aka shuka daga iri takan fara fure a shekara ɗaya zuwa biyu, wata ta fi haka nawa.

To wane taki zan sa?

Kaɗan, kuma lokacin da take toho kawai. Ga tukunya matsakaiciya, rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 a gefen tukunya nesa da gindi, sau ɗaya a wata daga Maris zuwa Oktoba, a bi shi da ruwa. Tafin hannu ɗaya na tsohon takin awaki ma ya wadatar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Da hunturu ba a ba ta komai, haka ma wadda aka yi wa fiɗa ko aka dasa ba da jimawa ba.

Iri ya fi ko reshe?

Ya danganta da abin da kake nema. Reshe ya fi sauri, kuma furen da zai ba ka daidai yake da na uwar. Yanki mai kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya, ka cire ganyen, ka ajiye a inuwa kwana uku zuwa biyar bakin ya bushe, ka soka a yashi mai ɗan danshi. Da bazara ya fi kamawa. Aibinsa shi ne ba ya yin wannan tulun gindin da wuri. Saiwar takan yi kauri a ƙarƙashin ƙasa bayan shekaru, amma ba kamar ta iri ba.

Iri shi ke ba da gindi tun tana 'yar wata biyu, ka ga abu kamar ɗan kwalba da ganye biyu a ka. Kwanson yakan fito biyu-biyu kamar ƙahon sa. Ba kullum take yinsa a gida ba, sai ta shekara tana fure ba ta ɗaura ko ɗaya ba, don haka in ka ga ya fito ka yi tsaronsa. Da ya fara nuna, ɗaure shi da zare ko ka sa masa tsohuwar safa, in ba haka ba ranar da ya fashe iska za ta raba wa unguwa. Ƙwayar doguwa ce kamar guntun tsinke, da gashi a kai biyu. Cire gashin, kwantar da ita a kan yashi mai danshi, rufe da ƙasa sama-sama, ajiye a inuwa mai haske. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda. Wanda ya daɗe a ajiye kuwa yawancinsa ba ya tashi, saboda haka kada ka adana shi sai baɗi. Jarirai sun fi manya son danshi, kada a bar su su bushe ƙayau a watannin farko.

Abu ɗaya da za ka sani: 'ya'yan iri ba sa bin uwa. Ka shuka irin mai ja ninki uku, akasarinsu su fito da ruwan hoda mai kunne biyar irin na gidan kakata.

Ashe shi ya sa ake yi mata aure?

Shi ya sa. Kamar yadda ake yi wa mangwaro da lemo, ana ɗaukar reshen mai kyan fure a ɗora a kan gindin da aka rena daga iri, sai a samu gindi a samu fure. Duba waɗanda ake shigowa da su, za ka ga tabon haɗin a wuyan kowane reshe.

Auren kariya ya fi na mangwaro sauƙi nesa ba kusa ba. Yanke reshen gindin a kwance, shafe ɗaya da sabuwar reza. Yanko guntun reshen da kake so, kamar tsawon gaɓar yatsa, mai ido ɗaya ko biyu, shi ma ƙasansa a shafe. Goge ruwan da ya tsatso, ɗora shi daidai a tsakiya, kada ka juya shi kai ƙasa. Lulluɓa farar leda a kai ka ja ta ƙasa ta danne shi, ka ɗaure da roba. Ajiye a inuwa, ruwa kada ya taɓa wurin. Bayan kamar mako biyu ka kwance. In guntun yana nan kore ya manne, aure ya ɗauru. A gindi ɗaya mai rassa huɗu kana iya ɗora launi huɗu. Duk tohon da ya fito a ƙasa da haɗin ka cire shi, na gindin ne, in ka bar shi zai fi ƙarfin amaryar.

Na ga ana tallar irin mai shuɗin fure a intanet. In saya?

Riƙe kuɗinka. Babu kariya mai shuɗin fure, babu mai launin bakan gizo, hoton ne aka yi wa kwalliya a kwamfuta. Ni ma an taɓa cina da wannan, na biya, na jira wata guda, aka kawo mini ƙwaya goma a 'yar leda, uku suka tsiro, ukun duka ruwan hoda. In kana son wani launi takamaimai, sayi mai aure wadda ka ga furenta da idonka.

Yaya ake sa gindin ya yi girma irin na hotuna?

Da haƙuri da ɗagawa. Duk shekara ɗaya ko biyu, a farkon bazara, zare ta, kakkaɓe tsohuwar ƙasa, ka sake dasa ta amma ka ɗaga ta sama da yadda take da kamar faɗin yatsa biyu, manyan saiwoyin da ke ɓoye su fito fili. Ƙananan saiwoyin da suka rage a sama ka aske su. Wurin da ya fito sabo fari ne, rana tana ƙona shi, sai ka yafa masa tsumma na mako biyu. Kada ka ba da ruwa sai bayan kwana biyar zuwa bakwai. Masu yin bonsai, wato renon bishiya a tukunya ta tsaya 'yar ƙarama, sukan yanke doguwar saiwar tsakiya tun shukar tana 'yar wata uku ko huɗu, su ɗora ta a kan fasasshen kasko ko murfin roba don saiwoyin su bazu kamar ƙafafun gizo. Yana aiki, amma gwada da wadda ba za ka yi kuka ba in ta tafi.

Yaushe ake datse ta?

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, da sanyi ya tafi kafin toho ya kankama. Yanka a karkace don kada ruwa ya zauna a kai, ka shafa toka. Kowane yanka yakan fitar da reshe biyu ko uku. Ba a datsa da marka.

Wasu ƙwari sun taru a bakin toho, wani abu kuma yana cinye ganyen da dare.

Ƙananan rawaya da ke cunkushe a bakin toho da ƙunshin fure darɓa ce, irin wadda ke kama tumfafiya. Farare masu kama da auduga a hammatar ganye su ma tsotsa suke yi, kuma in ka ga kiyashi na hawa da sauka, to suna nan. Fesa musu ruwa da ƙarfi tukuna. In sun dawo, daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, jiƙa a lita ɗaya ya kwana, tace, ɗiga sabulu kaɗan, ka fesa da yamma har bayan ganye, ka maimaita bayan mako. Da rani akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya cika gani, sai dai ka ga ganye ya yi ɗige-ɗige ya dushe da ɗan yanar gizo a bayansa. Ƙura da bushewa suke so, wanke ganyen a kai a kai yana rage su.

Mai cin ganye da dare kuwa wata ƙatuwar koriyar tsutsa ce mai kaurin yatsa, da tabo biyu masu shuɗi kamar idanu a kusa da kai. Gubar kariya ba ta dame ta ba. Launinta ya saje da ganye, sai ka tsaya a gabanta ba ka gan ta ba. Nemi baƙin kashinta a ƙasa kamar ƙwayar masoro, ka ɗaga kai daidai wurin, tana nan. Hannu ya isa, ba sai an sayi magani ba. Biyu daga cikinsu suna iya tsiraita ƙaramar shuka a dare biyu, amma ganyen yana dawowa.

Ni a Kumasi nake zaune, ɗan'uwana kuma a Legas. Za ta yi a wurinmu?

Za ta yi, amma a tukunya, ƙarƙashin rufin da rana ke shiga, kuma haɗin ƙasarku ya fi namu tsakuwa da gawayi. Ruwan samanku ya yi mata yawa. A arewa kuwa, wanda ke da jigawa ko tudun da ruwa ba ya kwanciya yana iya dasa ta a ƙasa kai tsaye, a kan ɗan tsibi, nesa da makwarara da bakin famfo.

In na ga babba a daji, in haƙo ta?

Don Allah a bar ta. Wadda ka gani da gindi kamar turmi wataƙila ta girme ka, kuma yawancin waɗanda ake haƙowa da gatari a sassare musu saiwa ba sa kai shekara a gida. Yanki reshe ɗaya ko biyu, ko ka dawo lokacin da kwanso ya nuna.

Zan yi tafiya ta wata guda. Wa zan bar wa amanar ba ta ruwa?

Kowa ma kada ka bar wa. In rani ne, ba ta ruwa sosai ana gobe za ka tafi, ka matsar da ita inda rana ke samunta da safe kawai. In damina ce, shigar da ita baranda. Sannan ka tara yaran gidan ka gaya musu cewa wannan tukunyar ba ruwansu da ita, ka kuma ɗauke ta daga inda ake alwala.